Takardar lafiya da hanyar Abha: nazarin tafiyar wani gida zuwa tsibiran Farasan

Tsibiran Farasan suna cikin Bahar Maliya, kimanin kilomita 40 daga gaɓar birnin Jizan, can kusurwar kudu maso yammacin Saudiyya wajen iyakar Yaman. Yawansu ya haura 80, amma uku ne ke da mazauna na dindindin: Babbar Farasan, da Sajid da gada ta haɗa ta da babbar, sai Ƙummah. Hukuma ta daɗe da keɓe yankin ta hana farauta a cikinsa, kuma a 2021 UNESCO ta saka shi a jerin wuraren da ake kiyaye zaman mutum tare da sauran halittu, shi ne wuri na farko a Saudiyya da ya samu shiga. Garken barewar idmi mafi girma a ƙasar yana nan. A cikin ruwa kuma ga duwatsun murjani masu rai, ga kunkurun teku, ga dolfin, ga wani ɗan'uwan ayu da ke kiwo a ciyawar ƙarƙashin teku.

Ga Bahaushen da ke zaune a Jidda ko Makka, zuwa can bai fi ƙarfin aljihu ba. Daga Jidda zuwa Jizan kusan kilomita 700 ne ta hanyar gaɓa, a wuce Lis da Ƙunfuza. Jirgin fiton da ke tashi daga tashar Jizan kyauta yake ɗaukar mutum da motarsa, sau biyu a rana, safe da yamma, kuma awa ɗaya da ɗoriya yake yi a kan ruwa. Abin da ake bukata shi ne a kama wuri tun da wuri, musamman na mota, a kuma riƙe iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ko fasfo a hannu.

Tafiyar da za a duba a nan ta wani gidan Hausawan Jidda ce. Babu wanda ya rasu, babu wanda aka kwantar a asibiti, kowa ya dawo da ƙafarsa. Na ga ta cancanci a rubuta ne domin haɗari biyun da suka fi girma a cikinta ba a teku aka tarar da su ba, daga Jidda aka taho da su a mota. Ban ambaci sunan kowa ba, tunda maganar ta shafi lafiyar mutum da sirrin gida.

Tsarin da aka yi

Mai gidan, wanda kowa ke ce wa Kawu, Bakatsine ne da ya tsufa a Jidda yana sana'ar ɗinki, har ya buɗe shago da yara a ƙarƙashinsa. Shi ya ɗauki nauyin tafiyar a hutun makaranta na lokacin sanyi. Ya tafi da uwargidansa Hajiya da 'ya'yansu haifaffun Jidda, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu. Akwai kuma 'yar ƙanwarsa da ke aure a Jiddan, da mijinta, mutumin Yawuri da ya tashi a bakin kogi, sai ƙanenta da ya zo karatu daga gida. Shi ne autan ɗakinsu, Auta kuma ake kiransa.

Kawu ya shirya abin da kyau a nasa lissafin. Kwana biyu a tsibiri ana yawon gani da ido. Safiyar ranar ƙarshe samari huɗu, wato 'ya'yansa maza biyu da surukin da Auta, su yi nutso da tukunyar iska har sau biyu. Irin nutson gwajin nan ne da ake yi wa wanda ba shi da takardar shaida: mai koyarwa yana gefenka, kuma ba a wuce zurfin mita 12. Daga nan a kama jirgin yamma, a sauka Jizan, a hau dutse zuwa Abha a kwana a sha sanyi kafin a nufi gida. An biya kuɗin masauki a Abha tun daga Jidda.

Kwanakin farko sun tafi lafiya lau. Sun shiga gidan Rifa'i, wanda wani attajirin lu'ulu'u ya gina a shekarun 1920 da dutsen murjani, aka yi wa bangonsa zanen farar ƙasa har sama. Kawu, da yake idonsa na mai aikin wuyan riga ne, ya daɗe a tsaye gaban ƙofar yana bin zanen da yatsa. Sun yi azahar a masallacin Najdi, shi ma ginin wani ɗan kasuwar lu'ulu'u ne na wancan zamani. Sun zaga Ƙassar, tsohon ƙauyen gidajen dutse da rijiyoyi da dabino, inda a da mutanen tsibirin kan koma su yi bazara. Wanda ya ga wurin a yau shiru zai ɗauka tun fil'azal haka yake, alhali an tono wani rubutun Latin a tsibirin mai nuna cewa sojojin Rum sun yi sansani a nan a shekara ta 144 Miladiyya, kuma a Ƙummah har yanzu ga ginin da Jamusawa suka yi a 1901 don ajiye gawayin jiragen ruwansu.

Barewa sai da sammako. Bayan asuba suka fita da mota a hankali, suka hango su tsakanin ƙayoyi, ƙanana, jikinsu launin ƙasar wurin, sukan tsaya su dube ka kafin su ruga. Hajiya ta ce tun tana yarinya a ƙauyensu ba ta sake ganin barewa a daji ba sai ranar. A ƙasar Hausa farauta da noma sun cinye dajin, a nan kuwa doka da teku sun tsare ta.

Takardar

Kafin a ba mutum tukunyar iska, akwai takardar tambayoyin lafiya da yake cikewa ya sa hannu. Ana tambayar asma da sauran ciwon huhu, da ciwon zuciya, da hawan jini, da matsalar kunne, da farfaɗiya, da tiyatar da aka yi kwanan nan, da juna biyu, da magungunan da mutum ke sha kullum. Duk wanda ya amsa da "e" a wani wuri, sai likita ya duba shi ya yarda kafin ya shiga ruwa.

An aiko da takardun ta waya da yammacin jajibirin nutson. Babban ɗan Kawu, da yake shi ya fi kowa hannu a Larabci da Turanci, ya zauna ya cike guda huɗun shi kaɗai. Duk layi ya sa "a'a". Bai tambayi kowa komai ba, ya dai miƙa wa kowa ya sa hannu.

Ba mugunta ba ce, kuma duk wanda ya zauna a Saudiyya a matsayin baƙo ya san inda ɗabi'ar ta samo asali. Rayuwar ɗan ci-rani cike take da takardu: sabunta iƙama, takardar kafili mai tsaya wa baƙo, rajistar makaranta. A kowane gida akwai yaro ɗaya da aka sallama wa wannan aiki, kuma abin da ya koya shi ne amsar da ba ta jawo wata tambaya ita ce amsa mai kyau. Sai dai wannan takarda dabam take da sauran. Babu wani ma'aikaci a bayanta da ake neman a wuce. Ita kaɗai ce hanyar da mai koyarwa zai san abin da ke cikin jikin wanda zai kai ƙarƙashin ruwa, kuma wanda ya ɓoye wani abu a cikinta kansa ya cuta.

Auta yana da sikila, mai rukunin SS. Yana shan magani kullum. Mahaifiyarsa ba ta taɓa faɗa wa dangi sunan ciwon ba. Abin da aka sani shi ne yaron ya yi laulayi yana ƙarami, Allah ya ba shi lafiya. Dalilinta ba ɓoyayye ba ne. Ta ji abin da ake faɗa a kan masu sikila, cewa ba sa daɗewa, cewa ba a ba su mata, ta kuma ƙudura ɗanta ba zai tashi da wannan tambari ba. A Jidda kaf, yayarsa ce kaɗai ta sani. Ko mijinta bai sani ba.

Lamarin ba na gida ɗaya ba ne. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu wannan ciwo: ana ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da shi duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadonsa, wato AS. Duk ayarin Hausawa da ya doshi wurin nutso, akwai yiwuwa mai ƙarfi cewa maganar ta shafi wani a cikinsa.

Me ya haɗa sikila da nutso? Jajayen ƙwayoyin jinin mai SS sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma abubuwan da ke tayar da hakan sanannu ne: ƙarancin ruwa a jiki, sanyi, wahala mai yawa, da ƙarancin iskar oksijin. Nutso yana iya tara su wuri ɗaya. Iskar cikin tukunya busasshiya ce, tana zuƙe ruwan jiki da kowane numfashi. Zama cikin ruwa yana sa yawan fitsari. Ruwa yana janye ɗumin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, ko da teku mai ɗumi ce irin ta Farasan. In igiyar ruwa ta taso, sai an yi aiki da ƙarfi kafin a koma jirgi. Sannan ga wata matsala da ta fi ɗaure kai: ciwon gaɓoɓi da ƙashi da sikila ke tayarwa ya yi kama da ciwon da kumfar iskar naitrojin ke haddasa wa masu nutso, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne. A tsibirin da jirgi ke zuwa sau biyu a rana, ba wanda zai so likita ya tsaya yana canki-canki. Shi ya sa likitocin nutso ke hana mai SS shiga ruwa da tukunya. Mai AS hukuncinsa dabam ne, da yawa suna yi lafiya, amma likita ne zai faɗa, ba ɗan'uwa mai cike takarda ba.

Yayar ta ji labarin takardun ne a bakin mijinta, yana yabon yadda yaron Kawu ya gama da su cikin minti biyar. Ta nemi Auta a waje.

"Auta, ka sa hannu a takardar nan?"

"Yaya, don Allah ki rufa min asiri. Na daɗe rabona da kwanciya. Minti ashirin ne fa, kuma ga mai koyarwa a gefena."

"Inna ni ta damƙa wa kai. In wani abu ya same ka a tsakiyar ruwan nan, da wane baki zan gaya mata?"

Ya ƙi. Ya ce in ta faɗa, ta gama da shi a idon Kawu da 'ya'yansa.

Hanyoyin da ke gabanta duka masu ɗaci ne. Ta yi shiru, ta bar ƙanenta ya shiga. Ta faɗa a gaban kowa, ta tona abin da uwarsu ta shekara ashirin tana rufewa, a gaban miji kuma. Ko ta je wurin mai koyarwar da kanta, namiji baƙo, ba da sanin mijinta ba. Ba ta bi ko ɗaya ba, sai ta tafi ɗakin Hajiya. Hajiya ta saurare ta har ƙarshe, ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma wannan ba abin haɗiyewa ba ne. Bayan isha'i Hajiya ta sami Kawu shi kaɗai: "Alhaji, akwai maganar da nake so ta tsaya tsakaninmu."

A ganina yayar ta yi daidai, kuma hanyar da ta bi ita ce mafi ƙarancin ɓarna. Sirrin lafiya haƙƙin mai shi ne, wannan gaskiya ne, Auta kuma baligi ne. Amma a ƙarƙashin ruwa ba wanda ke ɗaukar haɗarinsa shi kaɗai. In ya rikice a mita takwas, mai koyarwa zai bar sauran ukun, waɗanda su ma ranar suka fara, ya yi ta kansa. Da ya sa hannu a kan "a'a", ya sa su cikin abin da ba su sani ba balle su yarda.

A bakin jirgi

Da safe Kawu ya ja mai koyarwar gefe. Mutumin yankin Jizan ne, Kaftin ake ce masa kamar yadda ake ce wa masu wannan sana'a a nan. Bai yi mamaki ba, domin kudu maso yammacin Saudiyya na cikin yankunan da sikila ta fi yawa a ƙasar, kuma tun 2004 gwajinta ya zama dole ga 'yan ƙasa kafin ɗaurin aure. Amsarsa gajeriya ce: yaron ba zai ɗauki tukunya ba. Ya karɓi takardun nan huɗu ya ajiye, ya fito da sababbi, ya kira kowa shi kaɗai ya karanta masa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. A nan aka gano ɗan Kawu na biyu yana fama da mura ta toshe masa hanci. Wanda hancinsa ke toshe ba ya iya daidaita matsin kunnensa in yana sauka, kuma dodon kunne na iya fashewa tun a 'yan mitocin farko. Shi ma aka ce ya haƙura. Cikin huɗun da aka rubuta wa "a'a" daga sama har ƙasa, biyu ba su cancanci shiga ba a ranar.

Kawu ya yi ƙoƙarin rufa wa Auta asiri. A gaban kowa ya ce, "Auta, kai za ka zauna da ni a jirgi, ba na son zama ni kaɗai." Ba wanda ya ce uffan. Auta ya gane, ya dubi yayarsa, ya kawar da kai.

Magana ta biyu saura ƙiris ta wuce ba a kama ta ba. Kaftin ya yi tambayar da aka saba: akwai wanda zai hau jirgin sama yau ko gobe da safe? Aka ce babu, da mota aka zo. Ya ci gaba da ɗaura kaya. Ƙaramar 'yar Kawu ce, tana ta surutunta da Larabci, ta ce ita dai ta ƙagu a isa Abha da daddare ta sa rigar sanyinta. Kaftin ya ajiye abin da ke hannunsa.

Ga yadda abin yake. Iskar da ke cikin tukunya ba oksijin zalla ba ce kamar yadda mutane ke zato, iskar nan ce da muke shaƙa aka matse, kusan kashi 78 cikin 100 nata naitrojin. Duk mita 10 da mutum ya sauka a teku, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin na sararin sama gaba ɗaya, kuma a ƙarƙashin wannan matsi naitrojin yana narkewa cikin jini da tsoka. Bayan an fito, jiki yana fitar da shi sannu a hankali ta numfashi, awanni masu yawa. In aka rage matsi da sauri kafin ya gama fita, sai ya zama kumfa a cikin jiki: ciwon gaɓoɓi, jiri, mutuwar sashen jiki in abin ya yi tsanani. Maganinsa ɗakin matsi na musamman, wanda ba kowane asibiti ke da shi ba. Saboda haka ƙa'idar da masu nutso ke bi ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya kafin a hau jirgin sama, awa 18 in an yi fiye da ɗaya.

Jiki kuwa bai san bambancin jirgi da mota ba, tsawo kawai ya sani. Matsin cikin jirgin fasinja daidai yake da na tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. Abha tana kan mita 2,200 da ɗoriya. Daga Jizan kimanin kilomita 200 ne, kuma daga Darb hanyar ke miƙewa sama, cikin ɗan lokaci mota ta tashi daga daidai teku ta kai ƙololuwa. A tsarin Kawu, tsakanin fitowa daga nutso na biyu da fara hawan dutse bai wuce awa 6 ko 7 ba.

Surukin bai gamsu ba. "Kawu, mita nawa ne ma za mu shiga? Ba fa ƙasan teku za mu ba. A bar kuɗin masauki ya tafi a banza saboda wannan?" Maganarsa ba ta rasa tushe ba: nutso marar zurfi na ɗan lokaci ba ya tara naitrojin mai yawa, kuma da an tafi, mai yiwuwa ba abin da zai faru. Amma ƙa'idar ba ta ware nutso marar zurfi ba, kuma in kumfar ta tashi, a kan hanyar dutse da daddare za ta tashi, wataƙila a jikin wanda ke riƙe da sitiyari da yara a baya. Kawu ya yanke: a yi nutson, a kwana a Jizan, kuɗin Abha Allah ya mayar da alheri.

Akwai abin da ba a faɗa a bakin jirgin ba, sai daga baya. Shi kansa hawan Abha abin tambayar likita ne ga mai SS ko bai taɓa ruwa ba, domin a wannan tsawo oksijin yana raguwa, ga sanyi. Kawu ya tsara wa ɗan ƙanwarsa abubuwa biyu masu cutar da shi a rana guda, cikin ƙauna, saboda ba a taɓa gaya masa ba.

Shi ma Kaftin akwai gyara a nasa ɓangaren. Tambayar jirgin sama kaɗai ba ta isa ba a yankin da Abha da duwatsun Faifa ke bayan gari, baƙi da yawa kuma suna haɗa teku da dutse a tafiya ɗaya. Kamata ya yi a tambayi mutum inda zai kwana. Aika takardar lafiya ta waya ga mutum ɗaya a madadin ayari shi ma buɗe ƙofa ne ga abin da ya faru.

Cikin ruwa

Mutum biyu suka rage, kuma wanda aka fi sa ran zai burge shi ya fi ba da wahala. Surukin ya iya ruwa tun yana yaro. A Yawuri ya koyi nutso irin na masunta: ka cika ƙirji da iska, ka danne, ka sauka, in ta ƙare ka yunƙuro sama da sauri. Da tukunya a baya, wannan ɗabi'a ita ce mafi haɗari. Iskar da aka shaƙa a mita 10 tana ninka girmanta sau biyu kafin a iso sama, kuma in an riƙe ta a ƙirji tana iya yaga huhu. Ko daga zurfin da bai kai tsayin mutum biyu ba hakan na faruwa. Dokar farko ta wannan nutso ita ce kada a taɓa riƙe numfashi, a kuma hau a hankali.

A wurin gwaji, inda ruwa bai wuce ƙirji ba, an ce ya cire abin shaƙar daga bakinsa ya mayar yana fitar da 'yan kumfa. Sai ya danne numfashi ya miƙe tsaye. Aka sake, ya sake. Ba taurin kai ba ne, jikinsa ne ke yin abin da ya saba tun ƙuruciya. Kaftin bai bar shi ya wuce wurin ba sai da ya ga kumfa na fita ba yankewa, sannan ya riƙe shi da hannu duk tsawon nutson, ya kuma taƙaita zurfin. Babban ɗan Kawu, wanda iyonsa na wurin wanka ne kawai, bai da wata tsohuwar ɗabi'a da zai yaƙa, ya bi umarni ya wuce.

Abin da suka gani ya biya su. Murjani iri-iri, wani kamar rassa wani shimfiɗe, kifaye shuɗɗa da rawaya suna shiga suna fita, da kunkuru guda da ya zo ya wuce bai kula su ba. Sun ga harid, kifin nan mai baki irin na aku da ke gugar murjani yana ci, wanda duk shekara wajen watan Afrilu yake taruwa a gaɓar Hasis, mutanen Farasan su yi bikin kamunsa. An gargaɗe su kada su taɓa komai kada su taka komai: murjani dabba ce mai rai da ke girma a hankali ƙwarai, abin da ƙafa ta karya a daƙiƙa guda sai ya yi shekaru bai dawo ba, kuma a tsakanin duwatsun akwai kifi mai dafi da ba a bambanta shi da dutse.

Waɗanda suka rage a sama ba su tashi a tutar babu ba. Da rigar ceto da tabarau na ruwa, mutum yana kwance a saman ruwa yana kallon mafi yawan abin da mai nutso ke gani, domin murjanin Farasan da yawa a wuri marar zurfi yake. Hajiya da ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba ta leƙa tana riƙe da tsanin jirgi. Da za a koma, mai jirgin ya bi da su ta dajin Ƙandal, inda itatuwa ke tsaye cikin ruwan gishiri a kan saiwoyinsu, hanyoyin ruwa suna ratsa su, kwasakwasa da shahon kamun kifi suna bisa rassa. Auta yana zaune a inuwar rumfa da gorar ruwa a hannu. Bai shiga ruwa ba, bai kuma yi wa kowa magana ba.

Bayan an dawo

An kwana a Jizan, washegari aka kama hanyar gaɓa zuwa Jidda, aka bar Abha gaba ɗaya. Kuɗin masaukin bai dawo ba. Kaftin ya mayar da na mutum biyun da ba su yi nutso ba.

Sirrin bai tsaya inda Hajiya ta so ba. Mijin yayar ya matsa da tambaya har ta gaya masa, ya ji haushin an ɓoye masa, daga baya haushin ya koma tsoro da ya tuna shi da matarsa ba su yi gwajin jini ba kafin aure, ga 'ya'ya biyu. Suka je aka gwada su duka. Kawu ya kira ƙanwarsa a Katsina, suka daɗe a waya. Ta yi kuka, ta ce ba ta so a riƙa kallon ɗanta da tausayi ba. Ya ce mata da ya sani, da bai sa yaron azumin nafila da aikin shago cikin zafin Jidda ba. Yanzu Auta yana da likitan da ke ganinsa a kai a kai a Jidda, abin da bai samu ba tun zuwansa, domin da a ɓoye yake sayen magani.

Babban ɗan Kawu da surukin sun yi rajistar koyon nutso na sosai a Ubhur, arewacin Jidda, kwas na kwana uku zuwa huɗu da sai mutum ya yi iyo na mita 200 ya kuma tsaya a saman ruwa minti 10 kafin a ba shi shaidar sauka har mita 18. Kowa ya cike takardarsa da hannunsa, kuma surukin, da gwaji ya nuna AS ne, sai da ya kawo sa hannun likita.

Tsakanin Auta da yayarsa kuwa har yanzu ba a koma daidai ba. Yana gaishe ta, yana zuwa gidanta ranar Juma'a in Kawu ya aike shi, amma ya daina kawo mata maganarsa. Ya ce da ta ba shi daren nan, da shi da kansa zai sami Kaftin da safe. Ita ta ce ta ga sa hannunsa a takardar da idonta, kuma jirgin ƙarfe bakwai zai tashi.